Na Buɗe wa Jaririya Kont, Zanen Surfanina Ya Ɓace

Tanti Ɗela, ki taimake ni don Allah, dariya nake amma ina cikin matsala. Shekara tara da aure, sai ranar Talata Allah Ya ba mu 'ya mace! Tun ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Jiya na bar moto a kasuwar Magariya na tako gida, sai a ƙofa na tuna.

Ni tela ne, ina da keken surfani mai karɓar zane daga ordinatar, wato kwamfuta. Lojisiyel ɗin zanen, wato manhajar, tsoho ne, sabuwar ordinatar ba ta karɓarsa, shi ne wan matata, Sadisu, ya girka mini wata ordinatar ta ƙarya a cikin tawa, mashin birtuwel yake ce mata. Zanena na shekara huɗu duk yana ciki.

To, murna ta ɗebe ni, na buɗe sabon kont na shiga ordinatar da sunan da na yi wa yarinyar huɗuba, don in riƙa ganinsa kullum. Na shiga, na buɗe lojisiyel mai tayar da mashin birtuwel ɗin, wayam! Na nemi komawa tsohon kont mai sunan Sadisu, sai ga tambayar kalmar sirri, wadda ban taɓa sani ba, da kanta take buɗewa a da. Ga rigar maijego ban yi wa aiki ba. Ga sunan da nake ɓoyewa ɓaro-ɓaro a fuskar ordinatar, har na rufe ta da ɗankwali.

Abin kunyar, wata biyar ba ma magana da Sadisu. Na cika baki a majalisa cewa na fi shi sanin na'ura, ya ji. Yanzu yana Dungas. Shin in sa a wanke ordinatar kawai, a goge komai a sake girkawa?

Angon Ƙarni, Magariya

Angon ƙarni, barka da arziki! Kada ka kuskura a wanke ta, nan ne zanen zai tafi da gaske. Babu abin da ya ɓace. Kowane kont kamar ɗaki ne da makullinsa. Mashin ɗinka tana ɗakin Sadisu, kai kuma ka shiga sabon ɗaki kana neman kayan tsoho.

Sadisu ma ya yi sake da bai ba ka makullin ba, amma kai ka fara taɓa shi, a gaban mutane kuma. Ɗauki goro ka hau taksin Dungas gobe da safe, da ordinatar a hannu. Ka gayyace shi suna, ka ba shi haƙuri kafin ka ambaci na'ura. Kawun yarinya ne, ba zai mayar da kai ba. Idan ya buɗe, ya kwafe mashin ɗin zuwa dosiye, wato folda, wanda kowane kont ke iya shiga, ya nuna wa lojisiyel inda take, ka kuma ajiye kwafi a kile, wato filas na USB.

Allah Ya raya, Ya ba maijego lafiya. A ajiye mini cincin.

Tanti Ɗela