Ɗaki a Hawa na Ƙarshe

'Yata,

Ina gaisuwa. Yaya jikata, amaryar tawa? Ni lafiya lau, sai gwiwar nan da kika sani.

Na samo muku ɗakin haya a bayan makaranta, yarinyar ba za ta tsallaka titi ba. Yana da araha saboda a hawa na ƙarshe yake. Ban ga cikinsa ba. Na fara taka matakala, mai gidan ya riƙo hannuna: "Baba, sauko, kada ka ja mini magana." Ya ce akwai taga da famfo. Na karɓa.

Akwai benci a ƙofar gidan. Idan an tashi daga makaranta, ta riƙa tsayawa mu gaisa kafin ta hau.

Allah ya kawo ku lafiya.

Mahaifinki