Ni na yanke maganar aminina, yanzu ni ake tambaya aƙidarsa

Daga admin: wani ɗan uwa ne ya turo daga Haɗeja, ya roƙa a sakaya sunansa. A karanta har ƙarshe kafin a yi magana, kuma ban da zagi.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya fi shekara yana cina, ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko matata ba ta sani ba. Ni magidanci ne, na haura arba'in da biyar, ina da shagon kayan injin ban ruwa a cikin gari, ina kuma noman shinkafa a fadama ta hanyar Baturiya. Ina da saurin fushi, wannan duk unguwarmu an shaida, kuma ba na son a kayar da ni a musu ko da kuwa a kan ƙwallo ne.

Ina da amini, zan kira shi Malam Bukar, ba sunansa ke nan ba. Tun muna firamare muke tare. Asalin gidansu daga bakin Tafkin Chadi ne, kakansa ne ya zo Haɗeja da karatu ya zauna, amma har yanzu suna da dangi da yawa a can. Ni kuma uwata Bafulatana ce, to kun san wasan Fulani da Barebari, kullum muna cikin tsiya, in ce masa bawana, ya ce ubangijin da bai iya karanta rasit ba. Malamin sakandare ne, tarihi yake koyarwa, kuma ya yi karatun allo mai kyau, in liman ya yi tafiya shi ake turawa gaba a masallacin unguwa.

A layinmu har yau muna ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci a fito da kwanonsa daga gida, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan wani dattijo, a jera kwanuka, a ci na wannan a koma na wancan. Kwanon Bukar ne ake fara buɗewa kullum, don matarsa Ya Falmata in ta yi burabisko da miyar kifi sai ka ga manya suna rige-rigen cokali. Ana ci ana jin labaran rediyo, ana gamawa sai musu.

A lokacin kusan kullum labarin ɗaya ne, ƙasashen Gabas ta Tsakiya suna harba wa juna makamai masu linzami, wannan ta sayo jirage, waccan ta ce ita ma tana da abin da ya fi, nan kusa da mu ma maƙwabta kowa sai sayen jirage marasa matuƙi yake yi. Ni ra'ayina a fili yake, na ce ƙasar da ta ɗora mulkinta a kan addini ita ce ba ta durƙusa wa kowa, ku duba waɗanda suka ce ba ruwan gwamnati da addini, yau a ce su zauna su zauna, gobe a ce su tashi su tashi. Yawancin majalisar suna tare da ni. Bukar shi kaɗai yake ɗaya ɓangaren, yana cewa duk gwamnatin da ta sa rigar addini to bindigar da ta saya ma ta zama mai tsarki, in ka tambayi me ya sa aka sayi makami asibiti babu magani sai a ce da Allah kake faɗa. Ni in ce to ƙasashen da suka raba ɗin ba su ne suka fi kowa tara makamai ba? Shi ya ce haka ne, amma su in sun kashe mutum ba sa ce wa uwarsa lada suka samu. Haka muke ta yi har a kira isha'i.

Wata rana ya kunyata ni. Ina cikin kumfar baki ina cewa da ni ne shugaba da na sayi makamin da zai sa duniya ta ji tsoronmu, sai ya yi dariya ya ce Alhaji kai fa ko bindigar toka ba ta taɓa tashi kusa da kai ba, ranar da tayar mota ta fashe a kasuwa ƙarƙashin benci aka zaro ka. Majalisa ta tuntsire da dariya, har dattijon nan sai da ya share hawaye. Wasa ne irin wanda muka saba, na sha gaya masa wanda ya fi wannan, amma ranar wallahi ya shige ni. Na kwana da shi, na tashi da shi.

Washegari na zo da shirina. Na kunna rikodin a waya na kife ta a kan tabarma kusa da gwiwata, na taso da maganar da gangan, na yi ta zungurarsa. Shi kuma ranar bai yi wasa ba, ya yi magana doguwa. Ya ba da labarin ɗan yayarsa da aka yanka a gona can bakin tafki, waɗanda suka yanka shi suna kabbara, shi ma yana kalmar shahada. Ya ce shi addininsa ya fi ƙarfin a ba wa ɗan siyasa ko mai bindiga ajiyarsa, saboda haka shi dai a raba addini da gwamnati, gwamnati ta je ta yi hanya da asibiti, ta bar mana Alƙur'aninmu a hannun malamanmu da iyayenmu, don ranar da ta faɗi kada ta faɗi da shi. Ni kaina na san maganar ta fito daga ciwo ne.

Duk da haka na je shago da safe na yanke ta. Na cire labarin ɗan yayarsa, na cire ƙarshen, na bar inda ya ce shi dai a raba addini da gwamnati, gwamnati ta je ta yi hanya da asibiti. Na tura wa mutum ɗaya tak, wani abokin ciniki a Kaugama, na ce masa turo mini aka yi, ji abin da malaman makarantun 'ya'yanmu suke faɗa. Niyyata a ɗan yi masa tsiya kwana biyu ya san ni ma na iya. Kafin sati maganar ta zagaye guruf-guruf ta dawo wayata daga hannun mutum huɗu, an ɗora hotonsa a kai an rubuta ɗan boko aƙida.

Ba wanda ya zage shi ido da ido, da ma an yi hakan da ya fi sauƙi. Liman ya yi tafiya, aka tayar da iƙama, sai wani ya riga shi shiga gaba, daga ranar ba a sake tura shi ba. Wasu iyaye suka je makaranta suka ce a sauya wa 'ya'yansu aji. Sai kuma kwano. Mutanen da suka ji maganar da kunnensu daga farko har ƙarshe, su ne suka fara tsallake kwanonsa, don surutu ya yi yawa a gari, kowa yana gudun a ce yana tare da shi. Za a buɗe na kowa a cinye, nasa yana nan a rufe a gefe, in an watse ya ɗauki abinsa da kansa ya shiga gida da shi cike. Ni da na haɗa abin, ni ma ban sa hannu ba, ina tsoron in na matsa kusa da shi a fara tambayar wa ya ɗauki muryar. Ya Falmata ba ta fasa girkin ba, kusan wata biyu kwanon nan yana fita yana komawa, sannan Bukar ya daina fitowa.

Ya zo shagona sau ɗaya a kan maganar. Ya zauna a kan buhun tiyo, ya ce Alhaji kai ka ji abin da na faɗa ai, na ce na ji, ya ce to alhamdu lillahi, ko mutum ɗaya ya sani ya ishe ni. Na ce masa sai mun gano munafukin da ya yi wannan aiki. Ni na faɗi haka da bakina. Ya ce a'a bar shi, ba ya son ya sani, don duk wanda ya yi sun ci abinci a kwano ɗaya.

Bayan damina ya faɗi a makaranta, hawan jini, ɓarin jikinsa ya shanye. Kwanansa goma sha ɗaya a kwance. Ana gobe zai rasu na je da hantsi, ya sa aka kira Ya Falmata, ya ce a gabanta ni zan yi masa wanka, kuma ni ne waliyyin 'yarsu Yagana in aurenta ya tashi, don 'yan uwansa maza rikici ya watsa su, babu na kusa. Da ta fita ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya, maganar tana fita da ƙyar, ya ce wanda ya ɗauki muryar nan na yafe masa, in ka gan shi ka gaya masa. Yana faɗa yana kallona bai ƙifta ba. Har yau ban san ko ya sani ba ne ko kuwa saƙo kawai ya ba ni.

Ni na wanke shi, ni na ɗaure masa haɓa. Jama'a, tun daga ranar ban sake zama daidai ba. In ina fadama da rana tsaka injin ya mutu, wurin ya yi tsit, sai in ji kamar an ce Alhaji daga bayan kunyar gona, in waiwaya babu kowa sai tsuntsaye. Labarai in aka fara maganar makamai sai in kashe rediyon. Na daina fita ciyayya, na ce musu likita ya hana ni cin maiƙo. Na canza waya amma na kasa goge rikodin ɗin, cikakkensa yana nan, na kwashe shi zuwa sabuwar, ban kuma taɓa iya saurarensa ba sai makon jiya.

Abin da ya sa na saurara shi ne Yagana ta samu miji. Ta gama karatun aikin jinya, yaron shi ma malamin asibiti ne, ɗan garin Malam Madori, suna son juna, ni ma na yaba da shi. Da danginsa suka fara bincike sai wani ya tura musu guntun muryar nan. Baffanninsa biyu suka zo wurina, suka ce an ce ni ne na fi kowa sanin marigayi, su gidan malamai ne, ba za su haɗa jini da gidan da uba ya mutu yana ƙin addini ba, in gaya musu tsakanina da Allah. Na rantse musu cewa yanke maganar aka yi. Suka ce sauran 'yan majalisa da suka tambaya kowa cewa ya yi ya manta, ni kuma amini ne dole in kare shi, in akwai wata shaida in kawo, za su dawo ranar Juma'a bayan masallaci, daga nan za su yanke ko a ci gaba ko a fasa.

Shaida tana aljihuna. Duk wanda ya ji cikakkiyar maganar nan ya san mai kishin addini ne yake yi. Amma wayar a gindina take, muryata ta fi tasa ƙarfi a ciki. Tun a farko ana jina ina raɗa wa na kusa da ni cewa bari ka gani yau sai na kama Babarbaren nan, a tsakiya ana jina ina cewa faɗi mana dai, fito fili, a raba ko kada a raba. Ko yaro ya ji ya san wa ya ɗauka. Na zauna a shago na buɗe abin yankan nan a waya don in cire muryata in bar tasa, sai na ajiye wayar, na ce wato sau biyu zan yanka mutumin nan ke nan. Kuma ko na cire, dole su tambaya a ina na samu, me ya sa na ɓoye shi lokacin da Bukar yake raye ana mayar masa da kwano.

In na kunna duka, auren zai yiwu in sha Allahu, sunan Bukar ya gyaru. Ni kuma na san na gama yawo a Haɗeja, wannan na yarda na cancanta. Abin da na kasa ɗauka shi ne Ya Falmata da Yagana, ba su da wani namiji da suke jingina da shi sai ni, ni nake kai musu shinkafa, ni suke kira in rufi yana zuba. Ranar da suka sani sun rasa shi sun rasa ni, kuma wace yarinya ce za ta yarda wanda ya yi wa ubanta haka ya karɓi sadakinta?

Jiya da la'asar Yagana ta zo gaishe ni, ta durƙusa a zaure, ta ce Baffa na ji za su dawo, na san ba za ka bari a ci mutuncin Baba ba. Sai ta fashe da kuka, ta ce ita babanta ya yafe amma ita ba ta yafe ba, duk sallah sai ta yi Allah ya isa ga wanda ya ɗauki muryar nan, Allah ya tona masa asiri tun a duniya. Ta ɗago ta ce Baffa ka ce amin. Na ce amin.

Don girman Allah ku gaya mini abin da zan yi. In kunna wa baffannin duka da muryata a ciki, ko in fara zuwa wurin Ya Falmata in faɗa mata da bakina kafin ta ji a gari? In na je, da wace kalma ake fara irin wannan magana? Masu ilimi a cikinku kuma ku taimaka mini, yafiyar da ya yi mini ban nema ba, ban amsa laifina ba, tana nan a matsayin yafiya? Kwana uku ya rage, kuma yarinyar nan ta ce za ta zauna a bayan ƙofa ranar, tana so ta ji da kunnenta yadda zan kare babanta.