Rassan cediyar Malam

Maraɗi, daren Laraba, farkon damina

Yau na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ranar da kumandan da ke mulkin garin ya sa aka sare itatuwan tsohuwar unguwarmu, na yanko rassa daga cediyar da maigidana, marigayi Malam, ya dasa, na kai gonarmu ta Jiratawa na kafa. Tun lokacin nake ɗebo musu ruwa daga gulbi, ko ganye ɗaya babu.

Ɗazu Kawu Nomau, ƙanen mahaifin Malam, ya zo daga Tsibiri. Ya duƙa ya zare reshe guda, ya daɗe yana juya shi.

"Ɗiyata, a juye kika kafa su, kai ƙasa. Idon reshe sama yake kallo. Sun riga sun bushe."

Bai yi dariya ba, ya ce zai kawo mini wasu daga garinsu. Na yi godiya kawai. Cediya ba ta da wuya, waccan ce dai babu.

Allah ya jiƙanka, Malam. Duk shekarun da kake dashe ina gefenka da tulu. Fuskarka nake kallo, ban taɓa duba hannunka ba.