Fitilar Papà Ta Dawo da Sanyi

Milano, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Nives,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da Mamma kuna lafiya. Tunda kin rantse ba za ki ɗaga wayata ba, ga takarda.

Na san kin ji haushi da na ɗauke fitilar Papà daga gefen kujerar Mamma ban tambaye ki ba. Aro ne na mako biyu. Kamfanin da na faɗa miki zai sake ƙera ta yadda Papà ya zana ta a 1959, da sunansa a gindi: Ermanno Cazzaniga. Dole su auna ta asali, kuma ita kaɗai ta rage. Shekara goma sha ɗaya da rasuwarsa, ba kya so duniya ta tuna da shi?

Yayanki,
Tarcisio

Cantù, 8 ga Nuwamba

Tarci,

Muna nan, mun gode. Duniya ta tuna da shi, ni kuma a bar ni da wadda ta manta ya mutu.

Kai baƙon Lahadi ne, ka ci risotto ka goge baki ka tafi. Ba ka san ƙarfe biyar na gidan nan ba. Ka tuna yadda Papà yake gwada fitila a shago? Ya kunna, ya jira minti goma, ya ɗora tafin hannu a kan hular fitilar ta tagulla. In ta yi ɗumi kamar hannun mutum, ta yi. In ta ƙona shi, a sake aiki. Mamma ta manta sunana, amma ba ta manta wannan ba. Kullum da biyar na yamma nake kunna mata, ta ɗora hannu, da ɗumin ya zo sai ta ce, "Ermanno ya gama aiki, yana hanya. A ɗora ruwan taliya." Daga nan sai ta ci abinci lafiya lau.

Kwana biyar ke nan tana shafa teburi. Ka dawo mana da ita.

Ka gaida gida,
Nives

Milano, 12 ga Nuwamba

Nives,

Ina gaishe ku. Ban san da wannan ba, ki yi haƙuri. Ga fitila nan na aiko tun wa'adi bai cika ba, har da albishir. Injiniyansu ya ga wayoyin sun tsufa, sai ya yi mana kyauta: ya cire tsohon mazaunin ƙwan, ya sa ƙwan zamani na LED irin na sababbin fitilun. Hasken sak na da, ko Papà ba zai bambance ba.

Ki sumbaci Mamma a madadina.

Tarcisio

Cantù, 15 ga Nuwamba

Tarci,

Saƙonka ya iso. Na kunna da biyar. Hasken kam ba laifi, ka jinjina wa injiniya. Amma wannan ƙwan ba ya ɗumi.

Mamma ta ɗora hannu. Minti goma, rabin awa, ba ta ɗauke ba. Can ta ce, "Signora," haka take kirana yanzu kamar wata baƙuwa, "ta yi sanyi." Na ce, "Sabon ƙwai ne, Mamma." Ta ɗago ta dube ni sosai, kallon mai hankali, ta ce, "Nives, yaushe ya rasu?"

Shekara uku ina roƙon Allah ta sake kiran sunana. Ban san da wannan tambayar zai zo ba. Zuciyata ta karye, Tarci, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai da ka jawo.

Nives

Milano, 19 ga Nuwamba

Ƙanwata,

Ba ni da bakin gaisuwa. Garin neman gira na rasa ido. Na koma kamfanin, sun ce sun zubar da tsofaffin kayan. Kwana uku ina yawo, jiya na samu mazauni irin na da, da ƙwai uku masu zafi, wajen wani tsohon mai gyaran lantarki a Lissone. Ranar Lahadi zan zo in mayar da fitilar yadda take da hannuna.

Ki yafe mini.

Tarci

Cantù, 21 ga Nuwamba

Tarci,

Ka zo, amma ka bar ƙwan. Mamma ta sa na naɗe fitilar a bargo na ajiye a kabad, ta daina jiran kowa. Kowace safiya sai ta tambaye ni ko an binne shi, in ce e, ta yi kuka kamar jiya aka yi. Tana so a kai ta kabarinsa, ni kuwa ba zan iya ɗaga keken da ake tura ta a kai ni kaɗai ba.

Ban yafe ba tukuna. Ka taho da furanni.

Taka,
Nives