Kwana Takwas da Suka Cinye Rangwamen Kakata

Yadiel Quiñones,
Lamba 418, Titin Gallinule,
Gundumar Ysidro, Jihar Florida.
Litinin, 15 ga Yuli, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Mista Thaddeus Brumley,
Shugaban Ofishin Ƙiyasta Harajin Gidaje,
Gundumar Ysidro.

Game da: Hana Uwargida Hortensia Ayala rangwamen harajin gida na bana (fayil mai lamba 24-0917), da abin da ma'aikaciyarku ta rubuta a cikin fayil ɗin.

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da matsayinka, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Sunana na sama. Shekarata ashirin, sana'ata gyaran taya a wani gareji. Karatuna a sakandare ya tsaya, don haka in wata kalma ta karkace a yi mini uzuri. Ranakun kam ba su karkace ba, kowace sau biyu na duba ta. Ina rubutu ne a madadin kakata, Uwargida Hortensia Ayala, mai shekara saba'in da huɗu, wadda ta raine ni kuma nake zaune tare da ita. Ga ƙorafina bi da bi.

1. Kaka ta shekara talatin da ɗaya a tsohon gidanmu na Titin Tamarind. Bene ne, gwiwarta kuma ta daina hawa. Ba ta taɓa tunanin tashi ba saboda tsoron haraji, don na can dala 870 ne kacal a shekara. A watan Agusta na bara ofishinku ya turo takarda mai hoton wata tsohuwa tana murmushi riƙe da makulli, an rubuta cewa mai gida zai iya ƙaura da rangwamensa zuwa sabon gida. Kaka ta manna ta a jikin firji. Saboda wannan takarda ta sayar da gidan, ta sayi ƙaramin da muke ciki yanzu ranar 3 ga Nuwamba, 2023. Wanda ya sayi tsohon ya yarda mu zauna har tsakiyar Janairu.

2. Dole in faɗi dalilin da ya sa ta so zaman, ko da yake ba maganar ofis ba ce. Ni bakwaini ne. Wata biyu na yi a kwalba a asibiti. A lokacin marigayi kakana, Efraín, ya yi bakance: in na rayu, za a yi wa Sarakuna Uku, waɗanda suka kai wa Almasihu gaisuwa yana jariri, addu'a da waƙa a falon gidansa kowane 6 ga Janairu har shekara ashirin, kamar yadda mutanenmu na Puerto Rico ke yi. Ya yi goma sha ɗaya ya rasu. Kaka ta ɗora. Na bana shi ne na ashirin, na ƙarshe. Ta ce ba za ta kwashe gadonta daga ƙarƙashin rufin ba sai ta sauke nauyin, muddin doka ba ta hana ba.

3. Don sanin ko doka ta hana muka zo ofishinku ranar Talata, 14 ga Nuwamba, da misalin ƙarfe goma da rabi na safe. Na bar aiki na kawo ta. Ba mu tsaya a kowace taga ba sai ta uku, wurin Uwargida Nilsa Berríos, don kaka ce ta riƙe ta ranar baftismarta, a layinmu ta girma, a kicin ɗinmu ta koyi girki. Tambaya ɗaya kaka ta yi: in ta kwana a tsohon gida har bayan Ranar Sarakuna, akwai matsala? Ina tsaye. Ga amsar, ban ƙara ba ban rage ba: "Haba Mama Tensia, ina wannan ofis ki yi asara? Zauna ki cika alkawarinki. Ranar saye ake dubawa, ba ranar kwana ba." Na ce ko za a rubuta mana. Ta yi dariya ta ce, "Ji Bakwaini, ni da na wanke maka kashi kake nema wa sa hannu? Saki fuska, ba jana'iza kuka zo ba." Kaka ta taka mini ƙafa. Na yi shiru. Wannan shirun shi ne laifina, na kuma amsa shi.

4. Yallaɓai, sabon gidan yana nan a share tun Nuwamba, da wuta da ruwa. Tsakaninsa da tsohon mil huɗu ne. Da an ce mana doka na son mai gida ya kasance yana zaune a ciki ranar 1 ga Janairu, da yamma ɗaya ta ishe ni da motar maigidana. Gado ɗaya, tukunya ɗaya, kujerar kaka. Ranar shida ga wata mu koma tsohon falon mu yi addu'armu mu dawo. Ba wanda zai rasa komai.

5. Ranar Asabar, 6 ga Janairu, 2024, aka yi addu'ar. Mutum wajen talatin. Uwargida Berríos ta zo da 'ya'yanta biyu. Ta zauna a kujerar kakana. Ita ta ja baitin ƙarshe, don muryarta ta fi ta kowa. Da aka idar ta rungume kaka, su biyun suna hawaye, ta ce, "Kin sauke, Mama, yanzu sai hutu." Da za ta tafi kaka ta cika mata kwano mai shuɗin murfi da pasteles, ƙullin ayaba da nama da take kwana biyu tana naɗewa a ganye. Kwanon na auren kaka ne, da shi ta zo ƙasar nan. Ranar Talata 9 ga wata muka tare.

6. Ranar 20 ga Fabrairu kaka ta cike takardar neman rangwame. Inda aka tambayi ranar tarewa ta rubuta 9 ga Janairu. Maƙwabta sun ce da ta sa 31 ga Disamba, wa zai sani. Kaka ba ta iya wannan ba. Kuma ba ta ga abin ɓoyewa ba, tunda an ce mata ba komai. Ranar 26 ga Yuni wasiƙarku ta iso: an ƙi, saboda ba ta zaune a gidan ranar 1 ga Janairu, ta sake nema baɗi.

7. Ranar Litinin, 8 ga Yuli, na zo na nemi ganin fayil, kamar yadda wasiƙar ta ce muna da dama. Har zuwa ranar ina ɗauka kuskure ne. Kowa na kuskure, ni ma na taɓa ɗaura taya a baibai. Sai na kai shafi na shida. Bayani ne na layi huɗu, mai kwanan wata 11 ga Yuni, da sa hannun Uwargida Berríos. Ta ce ba ta tuna ba wa mai nema wata shawara game da ranar tarewa. Ta ce kuma tana iya tabbatarwa, bisa ganin idonta, cewa ranar 6 ga Janairu mai nema tana zaune a tsohon adireshi, da gadonta da kayan girkinta.

Gaskiya ne, ta gani. Ta hau sama ta ajiye jakarta a kan gadon. Ta ci daga tukunyar. Abin da ba ta rubuta ba shi ne me ya kai ta gidan, da wanda ya ce mu zauna.

Da na fito daga ɗakin fayil na nufi taga ta uku. Ta hango ni. Ta juya allon nan mai cewa an tafi hutu, ta shige ciki. Minti arba'in na tsaya.

8. Ga inda muke. Da rangwame, harajin bana ba zai wuce dala 1,100 ba. Babu shi, ma'aikacinku na taga ta ɗaya ya ce kusan 5,300. Fanshon kaka 1,150 ne a wata. Kuɗin tsohon gida ya shige sabo, ragowar ya tafi aikin gwiwa a watan Maris. "A sake nema baɗi" magana ce mai sauƙi a takarda. A bayan wasiƙar taku an rubuta da ƙananan haruffa abin da ke faruwa da gidan da ba a biya wa haraji ba: a sa bashin a gwanjo, wani ya saya. Kaka ta karanta wurin da tabarau. Tun ranar ta daina buɗe sauran kwalayen da muka zo da su. Ta ce a bar su a ɗaure tukuna. Matar da ba ta taɓa makara da haraji ba ko sau ɗaya cikin shekara talatin da ɗaya.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon ofishinka abubuwa kamar haka:

Na farko, a sake duba fayil 24-0917 kafin wa'adin ɗaukaka ƙara ya cika ranar 26 ga Yuli, a ba kaka rangwamenta na bana, tunda makararta ta kwana takwas daga bakin ofishinku ta fito. In doka ta ɗaure hannunka, a rubuto mana hakan ƙarara, da sunan wurin da za mu kai kuka.

Na biyu, a duba littafin masu ziyara na 14 ga Nuwamba. Sunan kaka na ciki, da lambar taga, da abin da ya kawo mu. Na haɗo hotuna uku na ranar addu'a. Mai jar riga kusa da kaka ita ce Uwargida Berríos.

Na uku, a cire shafi na shida, ko a sa wannan takarda tawa kusa da shi.

Ba na neman a kori kowa. Kaka ta roƙe ni kada in ambaci suna. Ta ce, "Yadiel, yarinyar nan tsoro ta ji, tana da bakuna biyu da take ciyarwa." Na ce to. Ga shi na ambata. Wannan ne karo na farko da na saɓa mata, kuma ba ta san na yi ba.

Na huɗu ba aikin ofis ba ne, amma ba ni da wata hanyar isar da shi, tunda Uwargida Berríos ba ta ɗaga wayata. Kwanon kaka yana wurinta wata shida ke nan. Duk Lahadi bayan coci kaka tana jan kujerarta zuwa bakin taga, ta ce yau Nilsa za ta kawo kwano, sai su yi magana, komai ya warware. Ban nuna mata shafi na shida ba. Na gaya mata an musanta maganar, amma ba ta san da shaidar ganin ido ba. Ina roƙo a gaya wa ma'aikaciyarku ta maido kwanon. Kada ta aiko ta gidan waya, kada ta ajiye a bakin ƙofa. Ta kawo da hannunta. Adireshin na sama, gidan ƙasa ne, babu matakala. Ni zan fita in ba su wuri.

Ina jiran amsarka a rubuce. Wannan karon a rubuce.

Ka huta lafiya.

Naka cikin girmamawa,

Yadiel Quiñones
Jikan mai nema, a madadinta.