Filin Jirgin da Na Gina da Bakina

Rogo,
14 ga Nuwamba, 1988.

Zuwa ga Yaya Abdulsalami,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, da Anti Khadijatu da yara, da fama da aiki a Legas. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan lafiya lau. Inna ƙafarta ta yi sauƙi, Jamilatu ta sauka lafiya, an samu mace. An gama yankan gero, ana shirin dawa.

Yaya, da kunya nake wannan rubutu. Ka tuna da Babbar Sallar bara, da muka je gaisuwa Zoza, ka tsaya bakin gonar Malam Falalu, abokin marigayi Baba, ka ce shimfiɗar wurin ta yi kyau, da za a samu hali da ya dace da ɗan filin da jiragen feshin tsuntsaye za su riƙa sauka? Ni kaɗai na ji, kuma na san sha'awa ce irin ta mai sana'a. Shekara ashirin kana wannan aiki, tun kana ƙaramin ma'aikaci a filin jirgin Kano har aka riƙa tura ka gari-gari kana duba inda za a shimfiɗa sababbin filaye, ba ka taɓa yi wa kowa alkawarin abin da ba ya hannunka ba. Ni kuwa kana komawa na kai maganar majalisa. Na fara da cewa kana tunani, daga baya na ce an sa hannu, har ta kai ina cewa daga Zoza maniyyata za su riƙa tashi. Mutane suka fara ba ni kujera a wurin ɗaurin aure, suna kirana ƙanen mai jirgi. Wallahi daɗi nake ji.

Gab da damina Malam Falalu ya tako har gida. Ya ce tsufa ya kama shi, ba ya son ya zuba taki da iri katafila ta zo ta bi ta kai, in gaya masa gaskiya ko ya yi shuka. A gaban mutane ya tambaye ni, na kasa janyewa. Na ce kada ya wahalar da kansa. Ya bar gonar, ya sa aka kai shanunsa Ruwan Bago. Ruwa ya yi kyau bana, kowa ya cika rumbu, nasa babu ko dami, ga jikoki marayu a gabansa.

Abin da ya fi ƙona ni, da aka ga shiru sai aka fara cewa kai ne ka karkatar da filin zuwa garin surukanka. A kasuwar Karaye Inna ta ji wannan magana daga bakin wata mai tallar daddawa. Ta dawo ta zaunar da ni, ba ta ɗaga murya ba, ta ce in faɗa mata abin da ka ce, kalma da kalma. Na faɗa. Sai ta ce inda na ɓata sunanka can zan je in wanke shi.

Ranar Juma'a bayan an idar da salla a Zoza na miƙe na faɗi komai, cewa ba ka san da maganar ba, ƙarya ce tawa. Wasu suka yi dariya, wasu suka yi tsaki. Da aka watse Malam Falalu ya ja ni gefe. Ya ce ya yafe, amma da a ɗaki na faɗa masa gaskiya tun farko, da ba wanda zai ji. Na kai masa gero daga gandunmu, har da rabonka, ban nemi izininka ba. Wannan ma ka yafe mini.

Ba na roƙon ka yi wa Zoza komai. Roƙona ka rubuto wa Inna ko layi biyu ne, don tun ranar ba ta ƙara ambaton aikinka a gaban baƙi ba, ita da ba ta da hirar da ta wuce shi.

Goggo Safara'u tana gaishe ka, da Kawu Halliru, da Mariya. Ka gaida Anti Khadijatu, kuma in ka ga dama ka karanta mata, ba zan ce ka ɓoye ba.

Ƙanenka mai neman gafara,
Lurwanu.