Yayana ya yafe hannuna tun ban farfaɗo ba

Malam mai fili, don Allah a taimaka mini da shawara. Maganar nan ta cika mini ciki, kuma duk wanda zan faɗa wa a kusa da ni yana da ɓangare a cikinta.

Ni mai aski ne, ina da ɗan shago a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da magani. Bara na fita a babur ɗina zan sayo reza da man kilifa, sai motar wani kamfanin rarraba kaya ta kunno kai daga wani layi ba tare da ta tsaya ba, ta kwashe ni. Ban san sauran ba. Da na farka a asibiti na tarar an yanke mini hannun hagu daga ƙasan gwiwar hannu. Likita ya ce ba don hular kwano da saurin da aka yi da ni ba, da yanzu ba maganar hannu ake yi ba.

Kada ka ɗauka kuka na zo yi, Malam. Alhamdu lillahi, dungun ya warke, zafin nan da nake ji a yatsun da babu su ya lafa, na koma shagona. Hannun dama ke riƙe kilifa, kuma shi aka bar mini. Abin da na hagu yake yi, wato lanƙwasa kunne da jan fata, yanzu masu zuwa aski ke yi da kansu. Mutum zai zauna na yafa masa ƙyalle, in na iso gefen kunne sai ka ga hannu ya fito daga ƙarƙashin ƙyallen ya kama kunnen ba tare da na ce komai ba. Mai gyaran waya kullum sai ya ce a rage masa kuɗi tunda rabin aikin shi yake yi. Muna dariya. Amma gyaran gemu da reza ya gagare ni, don fatar da wani ya ja maka ba ka san iyakarta ba, na yanki mutum biyu na haƙura. Yara ma sun ragu, saboda kan yaro sai an dafe shi, kuma ba kowane uba ke da lokacin tsayawa ya dafe ba. Abin da ke shigowa ya ragu sosai.

Ga inda matsalar take. Direban da ya buge ni bai gudu ba, ko da yake mutane sun taru suna neman dukansa. Shi ya cire rigarsa ya ɗaure mini hannu, shi ya kai ni asibiti a cikin motar, kuma da aka nemi jini ya miƙa nasa. Da bakinsa ya gaya wa 'yan sanda cewa laifinsa ne. Tun da na koma aiki, duk ƙarshen mako sai ya zo aski. Malam, mutumin nan mai sanƙo ne. Abin da ya rage masa ɗan gashi ne a ƙeya, shi ma ba ya samun damar tsirowa. Zai zauna na bi kan da kilifa ina aske iska, ya biya kamar na yi masa cikakken aski, wani lokaci ya jawo abokan aikinsa direbobi. Bai taɓa kallon gefen haguna a madubi ba. Yana da 'ya'ya mata ƙanana, nawa kuma Kawu suke ce masa yanzu.

Sai kuma Yayana. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya koya mini aski, shi ya saya mini kilifa ta farko. Ranar da abin ya faru, ina kwance ban san inda kaina yake ba, da likita ya fito ya ce zan rayu, Yaya ya rungume manajan kamfanin da ya zo dubiya, yana hawaye, ya ce mun yafe duniya da lahira, babu ƙara babu shari'a. A gaban surukaina ya faɗa. Kamfanin ya biya kuɗin tiyata, daga nan ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Har yau Yaya in ya samu taro sai ya ba da labarin yadda gidanmu ba ya cin kuɗin ƙaddara.

Maiɗakina ce ta tayar da zancen. Ta raka ni wurin masu haɗa hannun roba, muka ga wani mai ɗan maƙali da zai iya dafe kai ya kuma riƙe mataji, muka ji kuɗinsa muka dawo gida ba mu saya ba. A can wata ma'aikaciya ta ce mata ai irin wannan diyya ake nema, kuma akwai wa'adi, in ya wuce shi ke nan. Tun ranar ba ta bar ni na huta ba. Ta ce Yaya da hannuwansa biyu ya rungumi manaja, kuma da su biyun ya koma gida. Ta ce wasan kama kunne zai ishi mutane wata rana su koma wani shagon.

Na san tana da gaskiya. Amma in na nemi diyya aka ɗaure direban nan ko aka kore shi, da wane ido zan dubi 'ya'yansa? Ta yaya zan mayar da Yaya ƙaramin mutum a gaban surukai? Wani lokacin har nakan ji kamar butulci ne ga Allah da ya bar ni da rai. Me zan yi?

Naka, Mai Aski da Hannu Ɗaya

*

Ɗan'uwa mai aski, barka da arziki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka saki ranka tun daga nan, domin kayan da ka ɗauko ba su kai nauyin da kake ji ba.

Na ɗan taɓa karance-karance a kan yafiya, na malamai da na masana doka, ban taɓa cin karo da babin da ya ba mutum ikon yafe hannun da ba a jikinsa yake ba. Haƙƙin naka ne. Kana iya yafewa, kana iya karɓa, kuma wanda ya karɓi diyya bai yi wa Allah butulci ba. Ban zargi Yayanka ba. Mutumin da aka ce wa ƙaninsa zai rayu, a wannan lokacin ko gidansa aka roƙa zai bayar. Manajan ne dai na jinjina wa: ya je dubiya ya dawo da rangwamen da ko lauyoyinsa ba za su yi mafarkin samo masa ba.

Kuskuren da ku duka kuka yi shi ne haɗa abu biyu wuri guda. Hukunta direba hanya ce daban, neman diyya hanya ce daban. Ni ba lauya ba ne, kuma doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma a mafi yawan wurare motar kamfani ba ta hawa titi sai da inshorar da aka tanada domin irin ranar da ta same ka. In haka ne, kuɗin ba daga aljihun direba zai fito ba, daga kamfanin inshora ne, waɗanda aka daɗe ana biya domin wannan, kuma ba su taɓa kawo ƙarar cewa masu yafiya sun yi musu yawa ba. Kana iya riƙe yafiyarka ga direba har abada, ka kuma nemi haƙƙinka.

Ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba. Mai yiwuwa sunan direban ya fito a takardun, don haka tsarin yake a wasu wurare. Mai yiwuwa kamfanin ya huce haushinsa a kansa, ko da yake wanda zai kore shi da tun bara ya kore shi. Kana iya sa lauyanka ya nemi a bar shi a bakin aikinsa cikin sharuɗɗan sasantawa, amma roƙo ne, ba tabbas ba. Mai yiwuwa a tarar inshorar ta mutu, sai a fuskanci kamfanin kai tsaye. Abin yana jan lokaci, kuma abin da za a samu ba lallai ya kai yadda maiɗakinka take lissafawa a zuci ba. Duk da haka, hannun roban nan da karatun yaranka sun isa dalilin gwadawa.

Maganar wa'adi gaskiya ce, saboda haka cikin makon nan ka ga lauya. In kuɗi ne matsala, ka tambayi ofishin da ke taimaka wa marasa ƙarfi da lauya kyauta. Ka tafi da rahoton 'yan sanda, takardun asibiti, da duk abin da zai nuna yadda aikinka yake kafin hatsarin da yadda ya koma. Ku yi maganar ladan lauya a rubuce tun farko. Ka guji 'yan tsakiya masu cewa sun san wani a ciki. Kada ka sa hannu a kowace takarda sai lauya ya karanta, ka kuma tambayi Yaya cikin dabara ko ya sa hannu a wani abu ranar, bayan rungumar.

Shi Yaya kada ya ji a bakin surukai. Ka same shi a gida, ka ce masa maganarsa tana nan daram: ba ku riƙe kowa a zuci ba, ba kuma za a ɗaure kowa da sunanku ba. Sannan ka roƙe shi ya jagorance ka wurin lauya, tunda shi ne babba. Yayyenmu, Allah ya bar mana su, sukan haƙura da a sauya maganarsu in dai su ne a gaba lokacin da ake sauyawar.

Direba kuwa, ka lura da abin da yake yi. Mutumin nan diyya yake biyanka da kaɗan-kaɗan, daga albashin direba, bashin da bai san ranar ƙarewarsa ba. Shirun da kake yi don tausayinsa bai sauke masa komai ba. Ka gaya masa da bakinka kafin wata takarda ta isa kamfaninsu, ka bayyana masa cewa ba shi kake nema ba. Ina kyautata zaton wanda ya faɗi gaskiya a gaban 'yan sanda alhali jama'a na neman dukansa zai sake faɗarta a gaban lauya, kuma zai fi kowa samun sauƙi ranar da aka biya ka. In ya ji tsoro ya ja baya na ɗan lokaci, ka yi masa uzuri, yana da bakunan ciyarwa.

Ka je ka nemi haƙƙinka da zuciya fara. Allah ya sa a dace, ya bar zumunci tsakaninku duka. Ka gaishe da maiɗakinka, ka ce mata mai fili ya ce ta fi mu gaskiya, amma ka faɗa a hankali, kada maƙwabta su ji su kai wa tawa labari.